Darasi na 14: Bayan Sallama daga Asibiti, Sai Ina?

Ranar da aka sallami mutum daga asibitin ƙwaƙwalwa, likita yakan rubuta masa magani, ya sa masa ranar dawowa, 'yan uwa su naɗe tabarma su tattara kwanuka, a kama hanyar gida. A wajen asibiti aiki ya yi kyau. Mutumin da aka kawo ba ya barci, yana ta surutai, ga shi yanzu ya natsu, yana gane kowa, yana amsa gaisuwa. To amma a gida wata jinyar ce take jiran sa, wadda ba a rubuta ta a kati. Shagon da yake aiki an sa wani. 'Yan ajinsu sun gama makaranta sun watse. Majalisar da ya saba zama, da ya doso sai hira ta mutu. Idan mace ce, matan adashi su ce hannu ya cika. Sai mutum ya koma ɗaki, ya kwanta ya tashi, ya sha magani, ya sake kwanciya, har shekara ta zagayo.

Zaman ɗakin nan za mu duba a wannan darasi, tare da hanyoyin da aka bi a wurare daban-daban don fito da mai larurar ƙwaƙwalwa daga cikinsa ta ƙofar karatu da koyon sana'a. Batun ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan ajin manya, domin da wuya a samu wani a cikinmu da bai san irin wannan mutum ba, ko a danginsa ko a layinsu. Mai yiwuwa ma yana zaune a bencin nan tare da mu bai faɗa ba, kuma ba dole ne ya faɗa ba.

Ciwon da ke katse karatu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, wato kimanin mutum miliyan 970, yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Akasarinsu ba sa yawo a bola, ba sa jifan kowa. Ciwon damuwa da na fargaba su suka fi yawa: mutum ya daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, ko gabansa ya yi ta faɗuwa ba gaira ba dalili. Akwai wanda ciwonsa kan sa shi zumuɗi da yawan magana da ɓarnar kuɗi na wani lokaci, daga baya kuma ya yi laƙwas. Akwai mai jin muryoyi ko mai ganin ana bin sa da sharri, ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda ke kama kamar mutum ɗaya cikin 300. Akwai matar da abin ke tasar mata bayan haihuwa. Akwai kuma wanda ya ga tashin hankali da idonsa, aka kashe nasa ko aka ƙone garinsu, abin ya ƙi barin ransa. Duk waɗannan suna da magani, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi sosai, ko da wasu za su daɗe suna shan ƙwaya ko karɓar allura.

Abin da ya kawo batun cikin littafinmu shi ne lokacin da ciwon ya fi zuwa. Bincike ya nuna cewa kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna somawa ne tun mutum bai wuce shekara 14 ba, kashi uku cikin huɗu kuma kafin ya cika 25. Shekarun nan su ne yaro yake sakandare, ko yake gaban maigidansa yana koyon ɗinki, ko yake tsakiyar hadda. Ciwon da ya zo a wannan gaɓa yakan katse karatu, in ya lafa kuma sai a tarar sa'o'i sun yi nisa. Ɗan shekara 30 da ya bar makaranta a aji uku ba zai koma ya zauna cikin yara ba. Ajin manya ne ya rage masa. In can ma aka juya masa baya, to ina zai nufa?

Wasu iyalai suna ganin tsare mutum a gida hutar da shi ne, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Sai dai wanda ba shi da inda za shi da safe yakan daina tashi da wuri, ya daina kula da jikinsa, ya manta ranar asibiti. 'Yan gida su ga haka su ce ciwon ne bai sake shi ba, su ƙara tsare shi, alhali wani ɓangare na abin da suke gani rashin abin yi ne da rashin abokin magana. Ku dubi wanda ya karye a ƙafa. Maɗori zai ɗaure, ƙashi ya kama, amma ranar da aka kwance karan ɗori ƙafar ba ta da ƙarfi, kuma ba za ta yi ƙarfi ba sai an riƙa taka ta. Haka ƙwaƙwalwar da ta yi jinya take bukatar a sa ta aiki, sannu a hankali, cikin mutane.

Abin da aka gwada a Aro

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu ga inda aka gane haka. A zamanin mulkin mallaka, abin da hukuma ta sani game da mai taɓin hankali shi ne kulle, ko dai a gidajen tsarewa na Kalaba da Yaba, ko a kurkuku. A 1954 wani likita ɗan Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga karatu a Ingila, aka ba shi riƙon asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, wanda a lokacin ba a gama gina shi ba. Maimakon ya jira gini, sai ya je ya zauna da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya haya a gidajensu. Kowane mara lafiya yakan zo da wani nasa, uwa ko 'yar uwa ko inna, wadda za ta dafa masa abinci ta kula da shi. Da rana su je asibiti a duba shi, da yamma su dawo ƙauye. Yana cin kasuwar ƙauyen, yana ɗibar ruwa inda kowa ke ɗiba, yana gaisawa da maƙwabta. Mutanen ƙauye kuma suka samu kuɗin haya, asibitin ya taimaka musu da ruwan sha da kula da lafiyarsu. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya jiki, saboda ya san da su jama'a suka yarda. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuwa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A garin Geel na ƙasar Beljiyam an yi ɗaruruwan shekaru iyalai suna karɓar masu wannan larura su zauna da su a gida, har yau kuma ba a daina ba. Abin da Aro da Geel suka nuna shi ne tsoro yana raguwa idan aka zauna tare. Wanda ya ga mutum kullum yana sayen gishiri, yana cinikin doya, yana yi wa yaro faɗa don ya taka masa shanya, da wuya ya ci gaba da kallon sa a matsayin dodo. A 2022 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama kan ƙyamar masu larurar ƙwaƙwalwa, ya tarar hanyar da ta fi kowace tasiri wajen rage ƙyamar ita ce cuɗanya tsakanin masu larurar da sauran jama'a. Jan hankali a rediyo yana da amfaninsa, amma bai kai zama a benci ɗaya ba.

Kwalejin murmurewa

A Ingila an mayar da wannan fahimta ta zama makaranta. A 2009 hukumar da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a kudu maso yammacin Landan ta buɗe abin da za mu kira kwalejin murmurewa, bayan an ga irinta a Amurka. Ta biyu ta buɗe a Nottingham a 2011. Cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin akwai Rachel Perkins, ƙwararriya a fannin halayyar ɗan Adam, wadda ita kanta ta daɗe tana fama da larurar ƙwaƙwalwa kuma ba ta ɓoye ba. Wata ƙidaya da aka buga a 2023 ta samu irin waɗannan kwalejoji fiye da 200 a ƙasashe 28.

Yana da kyau mu tsaya mu ga yadda suke aiki, domin a nan darasin yake. Ba likita ne yake tura mutum ba. Ana buga jerin darussan zango, mutum ya duba ya zaɓi wanda yake so, ya je ya rubuta sunansa kamar kowane ɗalibi, kuma akasari ba a biyan ko kwabo. Da ya shiga, wani malami zai zauna da shi ya tambaye shi abin da yake son ya cim ma. Wani ya ce yana son ya iya barci ba tare da ya kwana yana juyi ba. Wata ta ce tana son ta gane ciwon da aka ce tana da shi, don tun da aka gaya mata sunansa ba wanda ya yi mata bayani. Wani yana son ya iya tsara kuɗinsa, wani yana son ya koma aiki amma bai san me zai ce in an tambaye shi inda ya shiga shekara biyu ba. Darussan daga irin waɗannan bukatu ake gina su. Wasu na zama ɗaya ne, wasu na makonni.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne, kowane darasi mutum biyu ne suke tsara shi kuma suke koyar da shi. Ɗaya ma'aikacin lafiya ne da ya karanci abin a littafi, ɗayan kuwa mutum ne da ciwon ya taɓa kamawa. Idan ana darasi a kan jin muryoyi, nas za ta yi bayanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa da aikin da magani ke yi, sai abokin koyarwarta ya faɗi yadda shi yake yi in muryoyin suka taso masa yana cikin motar haya. Ɗalibin da ya shekara goma ana yi masa magana daga bayan tebur, yau ga wani irinsa a gaban allo, an ba shi alli, ana biyan sa albashi. Ko bai riƙe komai daga darasin ba, ya ga da idonsa cewa mai irin ciwonsa yana iya kaiwa nan.

A ajin kuma ba masu larurar kaɗai ke zama ba. Iyayensu da matansu da mazajensu suna shiga, har ma'aikatan asibitin, kuma ba a rubuta wa kowa a goshi ko shi wane ne. Likitan da ya saba tambaya ana ba shi amsa, a nan shi ma ɗaga hannu yake yi. Wani bincike da aka buga a 2018 kan ɗaliban kwalejin yankin Sussex ya nuna kwanakin da suke kwanciya a asibiti sun ragu bayan sun shiga karatun.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. A Kamfala, babban birnin Yuganda, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Butabika, wanda shi ne babba a ƙasar. A 2015 aka buɗe kwalejin murmurewa a cikinsa, da haɗin gwiwar wata hukumar lafiya ta gabashin Landan. Waɗanda suka taɓa kwanciya a asibitin, suka samu sauƙi, aka horar da su, su ne suke koyarwa tare da ma'aikata, suna kuma bin waɗanda aka sallama har gida su ga yadda suke. Kayan aikin ba su wuce ɗaki da kujeru da allo ba. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ma'aikacin da zai yarda cewa wanda ya yi wa allura jiya yana da abin da zai koya masa yau.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata a faɗa. Makarantar da aka keɓe wa masu larura kaɗai tana iya zama wani ɗakin asibitin, mutum ya yi shekaru yana zagaya darussa bai taɓa fita ba. Masu tsarin sun san da haka, shi ya sa suke cewa kwalejin mashiga ce, kuma nasararta ita ce ranar da ɗalibi ya wuce ya shiga makarantar kowa da kowa, ko ya kama sana'a. A ganina, a wurare irin namu da ba mu da waɗannan kwalejoji, bai kamata mu zauna jiran a gina su ba. Ajin yaƙi da jahilci da muke da shi, da islamiyyar matan aure, da makarantar dare, da cibiyar koyon ɗinki da saƙa, su ne wuraren da ake fatan mutum ya kai daga ƙarshe. Mu ƙofar kawai za mu buɗe.

Koyo a bakin aiki

Game da sana'a, an daɗe ana ɗauka cewa sai an horar da mutum a keɓe, an tabbatar ya warke sarai, sannan a nema masa aiki. Sau da yawa horon ba ya ƙarewa, aikin kuma ba ya zuwa. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike a jihar New Hampshire ta Amurka, Deborah Becker da Robert Drake, suka juya tsarin: a tambayi mutum aikin da yake so, a nema masa shi da wuri a cikin mutane, sannan a riƙa tallafa masa yana ciki. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da yawa sun nuna waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun ninka na tsohuwar hanya wajen samun aiki, ko fiye.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Babu telan da ya koyi ɗinki a wani ɗaki na daban sannan aka kai shi shago. Yaron shago da goge keke yake farawa, ya sa maɓalli, ya yi kalmasa, har ranar da za a miƙa masa yadi a ce yanka. Makaniki da kafinta da mai gyaran waya duk haka suke tasowa. Abin da ake nema ga maigidan shago shi ne ya karɓi mai larurar kamar yadda yake karɓar kowane yaro, ya san cewa ranar asibiti ba zai zo ba, ya kuma biya shi haƙƙinsa. Maganar biya tana da muhimmanci, don akwai masu ɗaukar irin waɗannan bayin Allah aikin wahala a kan kwanon tuwo, suna ganin taimako suka yi.

A cikin ajinmu

Bari mu ɗauki misali. Wata mata ce mai 'ya'ya uku, ciwon ya taso mata bayan haihuwar ƙarshe, ta yi makonni a asibiti, yanzu tana shan magani safe da dare. Ta shiga ajin mata na yamma. A makon farko malama ta lura ba ta rubutu, fensir yana hannunta amma littafin fari fat. Bayan an tashi, sai malama ta tsayar da ita a gefe, ba a gaban mutane ba.

"Yaya, na ga ba ki rubuta ba. Ko allon ne ba kya gani?"

"Ina gani, Malama. Hannun ne yake rawa, harafin ba ya tsayuwa. Kunya nake ji a gani."

"To ba komai. Kawo fensirin."

Malama ta naɗa ƙyalle a jikin fensirin ya yi kauri, ta ja mata manyan layuka a littafi, ta ce ta cika layi biyu kawai, gobe a ƙara. Rawar hannu tana cikin abubuwan da wasu magungunan ƙwaƙwalwa ke jawowa, haka ma bushewar baki, da nauyin jiki, da yawan barci, musamman da safe. Wanda bai sani ba zai ce lalaci ne ko daƙiƙanci. Malamin da ya sani zai bar ɗaliba ta ajiye gorar ruwa kusa da ita, ya ba ta wurin zama kusa da ƙofa don ta iya fita ta sha iska in ta ji ƙunci, ya maimaita bayani ba tare da ya nuna don ita ya yi ba. Zai kuma ba ta shawara ta gaya wa likita batun rawar hannun, domin sau da yawa ana iya gyara adadin maganin ko a sauya shi.

Ku lura da abin da karatun zai ba wannan mata tun kafin ta gama littafi na ɗaya. Za ta iya karanta ranar da aka rubuta a katinta, ba sai ta jira ɗan maƙwabta ya dawo daga makaranta ba, wanda daga nan kuma duk layi zai ji. Za ta gane sunan maganinta, ta san in mai kemis ya ba ta wani daban. Za ta duba ranar lalacewarsa a jikin kwali. Za ta ajiye lambar nas a wayarta. Sirrinta ya dawo hannunta, kuma duk wanda aka taɓa tattauna ciwonsa a tsakar gida yana zaune kamar ba ya nan, ya san darajar wannan.

Sauran aikin na 'yan aji ne. Ranar da ba ta zo ba, mutum biyu su biya ta gidan su gaishe ta, su kai mata abin da aka yi, tun da zumunta a ƙafa take. Idan ana adashi a ajin, a sa ta. Idan ana bikin wata, a gaya mata ankon da aka fitar. In ta ƙware a lissafi, a ba ta riƙon littafin kuɗin ƙungiya, don mutum ya fi jin shi ɗan gida ne a inda ake bukatar sa, fiye da inda ake tausaya masa kawai. Wanda ya san ciwonta ya riƙe bakinsa. Ita ce mai ikon faɗa, ga wanda ta ga dama, ranar da ta ga dama. Sunayen tsokana da yara ke jifan irin su da su a titi, da barkwancin "sai Dawanau", wato asibitin ƙwaƙwalwa na Kano, da manya ke yi, ba su da wuri a ajin da take zaune, ko da ba da ita ake ba.

Na san abin da ke ran wasunku: in ciwon ya tashi a cikin aji fa? Tambaya ce mai kyau, kuma gara a yi ta a fili. Mafi yawan masu larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cuta, a doke su, a cinye musu gado, a ci zarafinsu don an san ba mai yarda da maganarsu. Ciwon kuma ba kasafai yake faɗowa kwatsam ba, yakan aiko da alamu: kwana biyu ko uku ba barci, magana ta yi yawa ko ta ɗauke gaba ɗaya, yawan zargi, barin wanka da abinci. Malami mai lura tun farko zai tambayi ɗalibinsa, in ya ga irin wannan wa yake so a kira? Ranar da aka ga alamun, shi za a fara yi wa magana cikin natsuwa, sannan a kira wanda ya zaɓa. Ba a taruwa a kansa, ba a ɗaure shi. Idan kuwa mutum ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Malamin aji ba likita ba ne, ɗan aji ma haka. Kada wani ya ce wa ɗan uwansa, "Ai ka warke, bar shan ƙwayoyin nan." Barin magani ba da sanin likita ba yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo. Addu'a da magani ba sa karo da juna, mutum ya yi duka biyun.

Abin da doka ta ce

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu bukata ta musamman, wadda ta haɗa da masu larurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa. Sashe na 19 ya ba su haƙƙin zama cikin jama'a, na 24 ya ba su haƙƙin ilimi a kowane mataki har tsawon rayuwa, na 27 kuma haƙƙin aiki. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2010. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawa. Tsohuwar ta fi damuwa da yadda za a tsare mutum. Sabuwar ta hana nuna masa bambanci a wajen aiki da muhalli da kula da lafiya. Gana ta riga mu, tun 2012 ta yi tata dokar, kuma a arewacinta, wajen Tamale, ƙungiyar BasicNeeds ta daɗe tana haɗa masu larurar da masu kula da su a ƙungiyoyin taimakon kai da kai, suna noma da kiwo da ƙananan sana'o'i.

Dokar Abuja ba za ta zo ta duba rajistar ajinmu ba. Mai riƙe da rajistar ne zai rubuta sunan ko ya ce wuri ya cika, shi ya sa ya kamata ya san cewa wanda ke tsaye a gabansa haƙƙinsa yake nema. Mun saba cewa gemu ba ya hana ilimi, da wannan magana aka jawo da yawa daga cikinmu zuwa ajin nan bayan mun ɗauka lokaci ya wuce mu. Katin asibiti ma bai kamata ya hana ba.

Aikin aji

Ku kasu gida uku ko huɗu, kowane rukuni ya tattauna waɗannan, sannan mutum ɗaya ya tashi ya faɗa wa aji abin da kuka tsayar. Kada a ambaci sunan kowa ko gidan kowa a cikin tattaunawar.

1. Me ya bambanta tsarin Dakta Lambo na Aro da abin da ake yi kafinsa, kuma me mutanen ƙauyen suka samu?

2. A kwalejin murmurewa mutum biyu ne suke koyar da darasi. Me wanda ya taɓa yin ciwon zai iya koyarwa wanda ma'aikacin lafiya ba zai iya ba?

3. Wata ɗaliba ta daina zuwa aji, kuka ji an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa, yanzu kuma an sallame ta. Mutum biyu su fito su gwada yadda za su je gaishe ta, da kalmomin da za su yi amfani da su wajen gayyatar ta ta dawo.

Aikin gida: ku nemi kwalin kowane irin magani da ke gidanku, ku kwafi sunansa da ranar lalacewarsa a littafinku. A ƙasa kuma ku rubuta jimla biyar a kan abu ɗaya da za a iya sauyawa a ajinmu, ko lokacin zama, ko wurin zama, ko dokar fashi, don wanda ke shan maganin ƙwaƙwalwa ya iya zuwa ya kuma ɗore. Za mu karanta su a zama na gaba.